Masu Juya Katako a Birnin Kano: Awo Kafin Ciniki

Sana'ar itace tsohuwa ce a cikin birnin Kano. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har gobe ba a rasa akushi da muciya da allo da sauran kayan sassaƙa a rumfunanta, irin waɗanda masassaƙa suka gaji fitarwa da gatari da gizago. Zamani ya ƙara wa sana'ar wani hannu, wato injin juya katako, wanda ke murza itace da gudu, mai aiki ya kanga masa kaifi har ya fito mulmulalle. Da shi ake fitar da ƙafafun gado da na kujera da na tebur, da sandar labule, da ƙotar kayan aiki, kuma da wuya a yi jeren ɗakin amarya a birni ba a ga aikinsa ba. A jikin wannan inji akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba, ana kiran sa cok, aikinsa riƙe bakin huji idan za a huda tsakiyar katako. Ra'ayina shi ne, sayen wannan ƙarfe ta hanyar ɗaga shi a jinjina nauyi, a duba ƙyalli, a tambayi kuɗi, hanya ce ta asara. Cok kayan awo ne, lambarsa ya kamata a fara tambaya kafin farashinsa. Nauyin tabbatar da haka kuwa bai rataya a wuyan mai sana'a shi kaɗai ba. Mai shago da mai haɗa inji da ƙungiyar sana'a kowa yana da nasa kason.

Sai an san yadda cok ke zama a inji kafin a gane dalilin wannan magana. Injin yana da kai, inda mota ke juya katako, yana kuma da matokari, wanda ke tokare katakon daga ɗaya ƙarshen. Idan za a yi huji, a matokari ake sa cok, bakin huji ya tsaya cak, katako ne ke juyawa, mai aiki yana murza hannun matokarin yana tura bakin ciki sannu a hankali. Babu noti ko ƙusa da ke ɗaure cok a wurin. Jela gare shi ta ƙarfe, mai kauri daga sama tana sirancewa zuwa ƙasa, tana shiga wani rami mai irin siffarta, matsi kaɗai ke riƙe su. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse, a garin New Bedford, shi ya fito da wannan tsari wajajen 1864. A kowane milimita 20 na tsawon jela, kaurinta yana raguwa da kusan milimita 1, kuma an kasa girmanta lamba-lamba daga 0 zuwa 7. Lamba ta ɗaya, wadda ake rubutawa MT1, kaurinta a bakin rami kimanin milimita 12 ne. MT2 kusan 18. MT3 kusan 24. Yawancin injinan juya katako matsakaita MT2 ne, ƙananan ciki kuma wasu MT1. Sama da shekara 160 ke nan ana kan wannan awo, shi ya sa jelar da aka ƙera bana a Sin ko Indiya za ta zauna daram a tsohon injin Ingila da ya girmi mai shi, muddin lamba ta zo ɗaya.

Inda mutane suka fi faɗawa tarko shi ne ɗaya ƙarshen jelar, wanda ke shiga bayan cok ɗin kansa. Can ma matsi ne, amma awonsa daban, kuma gida biyu ne suka raba duniya a kansa. Akwai awon Jacobs, daga sunan Arthur Jacobs, Ba'amurken da ya yi rajistar cok mai makulli a 1902, ana rubuta lambobinsa JT2, JT33, JT6 da sauransu. Akwai kuma awon Jamus, wanda ake rubutawa B12, B16, B18, shi ne ya fi yawa a kayan Turai da yawancin na Sin. Kaurin JT33 milimita 15.85 ne, na B16 kuwa 15.73. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗori ba, ido ba ya ganin ta, ga shi kuma yanayin sirancewarsu ba ɗaya ba ne. Sai a haɗa cok na wannan gida da jelar wancan, su shiga juna kamar sun dace, a buga a ji sun kama, alhali a gefe guda kawai suka taɓa juna. Akwai ma nau'i na uku, cok ɗin injin huji na hannu, wanda murza shi ake yi a kan zare, ba shi da ramin matsi sam. Kayan ƙarfen da ake samu a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari daga ƙasashe dabam-dabam suke zuwa, na inci da na milimita, sabo da na hannu, duk a kasuwa ɗaya. A irin wannan cakuɗa, wanda ya je saye bai riƙe lamba uku ba, ta ramin injinsa da ta bayan cok da ta faɗin bakinsa, ya bar sakamakon cinikinsa a hannun sa'a.

Asarar da ke biyo baya ana iya lissafa ta. Idan bakin huji ya karkace da digiri ɗaya tak, a rami mai zurfin milimita 200 zai kauce daga tsakiya da kusan milimita uku da rabi. A ƙafar tebur siririya ko sandar fitila da za a zura wa waya, wannan ya isa ya sa bango ɗaya ya yi siriri har ya tsage. Cok mai rawa kuma yana faɗaɗa rami fiye da girman bakin, sai abin da za a cusa ya zauna sako-sako, a cike giɓi da gam da ƙusa, bayan 'yan watanni gado ya fara ƙara, a koma ana zagin kafintan birni. Mafi muni, jelar da ba ta zauna ba takan kuɓuce ta yi ta juyawa cikin ramin matokari tana kankare shi, daga nan ko an kawo cok mai kyau ba zai ƙara kamawa yadda ya kamata ba. An ɓata inji saboda ɗan ƙarfe. Katakon da ake lalatawa kuwa ba shi da araha. Mai kyau da yawa daga kudu ake ɗoro shi zuwa 'Yan Katako ta Na'ibawa, kuɗin mota ya hau tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, itatuwa masu ƙarko irin su ƙirya da maɗaci sai ƙara nisa suke, madobiya kuwa saranta ya yi yawa har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. Kowane guntun da huji ya ɓata, an yi asarar itace da man janareta da yinin ma'aikaci.

Wani zai ce katako ba ƙarfe ba ne, ba ya bukatar wannan ƙididdiga, kuma kakanninmu da ido suka sassaƙa turmin da ya shekara hamsin ana daka. Gaskiya ne katako yana da sassauci, yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma babu mai neman a auna ƙafar kujera da awon fistan mota. Amma wurin da nake magana a kai, inda jela ta haɗu da rami, ƙarfe ne da ƙarfe, babu katako a tsakani, kuma ƙarfe ba ya yafe kuskure. Batun ido kuma, masassaƙi yana ganin kowane sara kafin ya ƙara wani, gizago yana hannunsa, idan ya kauce ya gyara a sara na gaba. Bakin huji da ya nutse cikin katako mai juyi ɗaruruwa a minti ɗaya babu idon da ke ganin sa. Abin da aka saita kafin a kunna inji shi zai fito. Gwanintar hannu tana nan da darajarta a wajen fitar da siffa da ado, inda babu injin da zai maye gurbinta. Wanda ya karɓi inji dai dole ya karɓe shi da ƙa'idarsa. Turawan da suka ƙera shi ma sai da suka sha wahalar rashin awo ɗaya, kowace masana'anta da irin notinta, har Joseph Whitworth ya kawo tsarin zaren noti guda a Ingila a 1841.

Hujja ta biyu da za a kawo ita ce tsada, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, mai ƙaramin shago a lungu kuwa jarinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ban ce a sayi mafi tsada ba. Jela mai lambar da ta dace da marar dacewa kusan kuɗinsu ɗaya ne, bambancin sani ne kawai. Hasali ma awo yana hana kashe kuɗin banza. Mutane da yawa suna ɗauka babban cok ya fi, su nemi mai buɗewa milimita 16, alhali mai milimita 13 ya wadatar da kusan duk aikin katako, domin hatta manyan bakunan huji masu faɗi, irin na Forstner, gindinsu ba ya cika wuce milimita 13. Babban cok ya fi tsada, ya fi nauyi, yana cinye tsawon gadon inji, kuma da yawa daga cikinsu ba sa iya kama bakin da bai kai milimita 3 ba. Haka nan gardamar sabo ɗan Sin da tsoho ɗan Turai ba ta da amfani idan ba a gwada ba. Akwai tsohon da yatsunsa masu kama bakin huji suka cinye har ba ya riƙo, akwai sabo mai sauƙin kuɗi da ke juyawa daidai. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma sunan ƙasa ma ba ya huda rami a miƙe. Gwaji ne alƙali.

Tsakanin cok mai makulli da marar makulli, ina ganin mai makulli ya fi dacewa da yawancin shagunanmu. Marar makulli, wanda kamfanin Albrecht na Jamus ya yi suna da shi, yana da sauri, da hannu ake ɗaure shi, kuma yana ƙara matse kansa yayin da aiki ya yi nauyi. Wannan matsewa ita ce kuma matsalarsa: da babban baki a cikin itace mai tauri yakan ƙulle har sai an sa masa ƙarfi kafin ya buɗe, idan kuma aka juya inji baya yakan saki. Ya fi tsawo, mai ingancinsa ya fi tsada, ƙurar hunturu da garin katako kuwa suna saurin shiga cikinsa. Mai makulli gininsa mai sauƙi ne, yana jure wahala, idan aka ɗaure shi ta ramukansa uku yana riƙe baki gam. Aibinsa biyu ne, makulli yakan ɓata, kuma wanda ya manta shi a jiki ya kunna inji alhali cok yana ramin kai, ba a matokari ba, makullin zai yi tsalle ya ji wa wani rauni. Duka biyun tarbiyyar shago ce maganinsu: a tanadar wa makulli mazauni ɗaya a jikin inji, kada hannu ya sake shi sai a can. Mai yin ƙananan abubuwa da ke sauya baki sau da yawa a yini, shi marar makulli zai iya yi masa rana.

Hujjar da ta fi ƙarfi cikin waɗanda za a kawo ita ce ta injinan gida. Ba kowane mai juya katako ke da injin kamfani ba. Da yawa nasu haɗin gida ne, an yi walda da ƙarfen kwana, an sa boris da mota da bel, matokarin kuwa doguwar ƙusa ce da aka feƙe bakinta. Irin wannan inji ba shi da ramin Morse, to ina amfanin lamba a wurinsa? Ina girmama waɗanda suke haɗa waɗannan injina, domin su suka sa sana'ar ta kai hannun talaka. Amma mafitar da akan bi, a liƙa cok da walda a kan ƙusa ko a goge jela da dutsen wuta har ta shiga, ita ce ke haifar da duk matsalolin da na lissafa. Zafin walda yana karkatar da ƙarfe, hannu ba ya iya saita tsakiya daidai, kuma abin da aka liƙa ba ya ciruwa idan ya lalace. Garin da ke da masu injin yankan ƙarfe da ke gyara sassan motoci da na masana'antun Sharaɗa da Bompai bai rasa wanda zai fitar da ramin MT2 ba, ga shi kuma ana ƙera hannun riga na ƙarfe mai ramin Morse a shirye, wanda za a iya ginawa a cikin matokari. Ƙarin kuɗi ne sau ɗaya, bayansa injin gida zai karɓi cok da tsinin tokare na kowace ƙasa. Da masu haɗa inji a Kano za su yarda su tsaya kan MT2, da sun ɗaga darajar abin da suke sayarwa, mai saye daga Katsina ko Maraɗi ya san zai sami kayan gyara a duk inda yake.

Gwajin da nake kira a yi ba ya bukatar ɗakin bincike. Kafin a fita kasuwa a auna bakin ramin matokari da ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji, ko a ɗauki tsinin tokaren injin a tafi da shi a matsayin shaida. A duba lambar da aka buga a jikin cok, a tabbatar ita ce a jikin jela. A ja layi uku da alƙalamin maka a tsawon jelar, a zura ta a rami a ɗan murza, a zaro: idan layukan sun goge daga sama har ƙasa, ta zauna, idan a wuri ɗaya kawai suka goge, ba tata ba ce. A rufe yatsun cok uku a ga ko sun haɗu daidai ba tare da giɓi ba. A ɗaura miƙaƙƙen ƙarfe, a sa cok a ramin kai, a juya da hannu ba tare da wuta ba, a duba ko bakin ƙarfen yana rawa. Bayan saye, jela da rami su kasance a goge, a bushe, babu ƙura babu maiƙo, kuma kada a kusance su da guduma. Lokacin zaro baki daga rami a dafa cok da hannu, domin a nan ne katako ke fizgo shi daga mazauninsa. A riƙa fitowa ana zubar da gari, a rage gudu idan baki babba ne. Wanda zai sa cok a ramin kai ya riƙe ƙaramin aiki ba tare da matokari ba, lalle ya nemi jela mai zare a ƙarshenta, ya ɗaure ta da doguwar ƙusa ta cikin ramin kai, domin matsi kaɗai ba ya jure turi daga gefe.

Mai shago shi ma yana da haƙƙi a kansa. Kano gari ne da ya san awo: ba a sayen hatsi sai da mudu ko tiya, ba a yankan yadi sai an auna, kuma kowa ya san gargaɗin addini a kan tauye ma'auni. Babu dalilin da zai sa ƙarfen da amfaninsa duka ya dogara da awo a sayar da shi da "ai duk ɗaya ne". Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami aibin da ba a bayyana masa ba, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta tanadi a bayyana kaya yadda suke. Abin da ake nema wurin ɗan kasuwa kaɗan ne: ya raba kayansa lamba-lamba, ya ajiye ma'aunin kauri a kan teburinsa, ya rubuta lamba a rasit, ya yarda a dawo da abin da bai zauna ba matuƙar ba a buge shi ba. Wanda ya yi haka ba zai yi asara ba, domin mai sana'ar da aka faɗa wa gaskiya sau ɗaya shi ke kawo abokan sana'arsa. Hukumar SON, wadda aka kafa tun 1971 don kula da ingancin kaya, ya kamata ta sa ido kan kayan aikin da ke shigowa babu lamba a jikinsu, ko da lambar da ba ta yi daidai da awonsu ba.

Sauran aikin na masu sana'ar ne da masu koyar da ita. Birnin nan ya daɗe da tsarin shugabancin sana'o'i, daga sarautu irin ta Sarkin Maƙera har zuwa ƙungiyoyin kafintoci na yau, kuma wannan tsari zai iya ɗaukar abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiya za ta iya sayen ma'auni ɗaya da jelolin gwaji na MT1 da MT2 da MT3 ta ajiye a ofishinta, kowane ɗan ƙungiya ya zo ya san lambar injinsa, a rubuta masa ita da fenti a jikin matokari. Za ta iya haɗa kuɗi ta yi sari daga dillali ɗaya da sharaɗin lamba. Kwalejojin fasaha na jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano za su iya buɗe ƙofa ga yaran shago, ko da na yini biyu ne, a koya musu karanta ma'auni. Maigidan shago kuwa, wanda yaro ke kwaikwayon duk abin da ya ga yana yi, shi ne malami na farko. Kirana gare shi shi ne, kafin ya sake aiken yaro kasuwa sayen cok, ya auna injinsa, ya rubuta masa lambobin nan uku a takarda, ya kuma gaya masa kada ya biya kuɗi sai an gwada a gabansa.